Hannuna a Kan Jijiyar Inna

Sana'ar Inna bandar kifi ce. Tun da na yi wayo na san ta da ƙanshin hayaƙi a zane, wanda ko sabulu ba ya fitar da shi duka. Masunta daga wajen Kirikasamma da ƙauyukan bakin ruwa su ke kawo mata tarwaɗa da ƙarfasa da sassafe, ta gyara, ta lanƙwasa, ta jera a kan raga a bayan gidanmu na Haɗejiya. Ba na tuna ranar da na taɓa ganin ta zaune hannu sake. Ko hira take yi, to akwai abin da take tsincewa ko take ƙullewa.

Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta kiran sunana. In tana nemana sai ta ce wa ƙannena, "Ku kira mini yayarku." In kuma ba kowa, sai ta ce, "Ke." Haka muka tashi, ni da ita, da kunya a tsakaninmu. Ba ta sauya zane a gabana, ba na zama a bakin gadonta. Bayan na yi aure na fara koyarwa a firamare, ƙaunarta kan zo mini ne a ƙunshe cikin takarda, kifi mafi girma a cikin bandar ranar, ba tare da wani saƙo ba.

Ciwon ya fara mata da haki. Ta ɗan yi tafiya zuwa kasuwa sai ta nemi dakali ta zauna. Daga baya ƙafafunta suka riƙa kumbura, in ta kwanta kuma tari ya tashe ta, sai ta jingina da bango. Kowa ya ce hayaƙi ne, ita ma ta yarda. An sha jiƙe-jiƙe, an sha maganin tari, ba sauƙi. Sai da Baba ya ga ta kasa ƙarasa sallama ga baƙuwa ba tare da ta tsaya ta ja numfashi ba, sannan ya ce a tafi asibiti. Daga asibitin garinmu aka tura mu Kano, aka yi mata hoton zuciya.

Ƙanwata da aka saba tafiya da ita irin wannan hidima tana jego a lokacin, sauran kuwa maza ne. Sai tafiyar ta faɗo kaina. Da Baba ya gaya wa Inna ni zan yi jinyarta, sai ta kalli gefe ta ce, "To, ba laifi." Ni na san da nauyi a wurinta.

Likitan zuciyar mutum ne mai sanyin magana, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya zaunar da mu uku, ni da Inna da Baba, ya ce a cikin zuciya akwai ƙofofi da ke buɗewa su rufe don jini ya wuce, ɗaya daga cikin na Inna ta tsuke. Ya ce mai yiwuwa tun tana yarinya wani zazzaɓi mai ciwon maƙogwaro da gaɓoɓi ya taɓa ta, sai yanzu abin ya bayyana. Ya ce ba sai an tsaga ƙirji ba. Za su zura bututu ta cikin babbar jijiyar jini, su bi ta har zuciya, a bakin bututun akwai 'yar balan-balan, su hura ta a cikin ƙofar ta buɗe, su janye kayansu.

"Ta ina za ku shiga?" in ji Baba.

Likita ya ɗora hannu a jikinsa, daidai inda cinya ta haɗu da mara. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Na ɗauka shi ke nan ba za ta ƙara magana ba. Can sai muka ji muryarta daga cikin mayafin.

"Likita, kaurin bututun kamar me?"

Ya nuna mata ɗan ƙaramin yatsansa, ya ce bai kai wannan ba, amma ya kusa.

"To in kun fito, da me za ku toshe ramin?"

Ya yi murmushi ya ce, "Mama, yawancin mutane shigar suke tambaya. Fitar ma aiki ce." Ya gyara zama ya yi mata bayani. Ya ce in bututun siriri ne, zare shi kawai ake yi a danne wurin da hannu har jini ya daskare ya toshe kansa. In mai kauri ne irin nata, danna da hannu kan ɗauki lokaci mai tsawo, kuma mutum ya daɗe a kwance. Saboda haka sukan yi wani ɗinki da zare mai ƙarfi, a soka allura ƙarƙashin fata ta wannan gefe da wancan, zaren ya gitta kansa, a ja a ƙulle, naman wurin ya tattaru ya matse jijiyar daga sama. Ba jijiyar ake ɗinkewa ba, in ji shi, naman da ke kanta ake sa wa ya yi aikin hannu. Ya ce akwai kuma wasu na'urori da ke ɗinke jijiyar daga ciki, ko su bar wata 'yar toshiya da ke narkewa a jiki, amma ita ɗinkin waje zai yi mata, washegari a cire.

Inna ta ce, "A samu mace a wurin."

Ya ce akwai mata a cikin masu aikin, kuma za a lulluɓe ta duka, wurin da bai fi tafin hannu ba kaɗai za a bari a buɗe. Da wannan ta amince.

Ranar aikin, da hantsi aka tura ta a gadon taya. Ba a sa ta barci ba, allurar kashe zafi aka yi mata a wurin. Ni da Baba muka zauna a benci a waje. Lokacin damina ta yi nisa, ruwa na ƙaruwa a kogi, kuma Baba ya bar shinkafarsa a fadama tana fitar da kai. Tun da muka zauna maganar ruwa yake yi mini, yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwan da ke gefen gonarsa, yadda aka ce za a yi gayya a sare ta ba a yi ba. Ina amsa masa da to. Da na dubi hannunsa sai na ga carbin yana gudu fiye da yadda ya saba. Duk ƙofar da aka buɗe sai ya miƙe rabi ya koma.

Kafin azahar aka fito da ita. Idonta biyu, fuskarta ta yi fayau. Likita ya ce ƙofar ta buɗe yadda suke so. Baba ya yi ta hamdala, ya kama hannun likitan da hannu biyu ya kasa saki.

A ɗakin da aka kwantar da ita muka haɗu da wata nas, doguwa, mai faɗin tafin hannu, wadda daga baya muka saba ƙwarai. Ta ja labule ta ce in tsaya, mai jinya ya kamata ta ga wurin. Inna ta juyar da kai bango. Nas ta ɗaga zane kaɗan. A dama, inda babban bututun ya shiga, fatar ta tattaru ta yi tudu, baƙin zare ya ɗaure ta tamau da ƙulli a sama. Ba jini ko ɗigo. A hagu kuma akwai wani siririn bututu da suka yi amfani da shi wajen awo, ba a cire shi ba tukuna, ana jiran maganin tsinka jinin da aka ba ta lokacin aiki ya lafa.

Da lokacin cire shi ya yi, nas ta sake kira na. Ta ɗora auduga, ta zare bututun a hankali, ta danna da yatsu, ta miƙe gwiwar hannunta ta jingina nauyinta a kai.

"Duba nan," ta ce mini. "In kun koma gida wani abu ya faru, wannan za ki yi. Ki kwantar da ita a miƙe, ki sa abu mai tsabta, ki danna. Ba da ƙarfin yatsa ba, za ki gaji. Da nauyin jikinki. Kuma kar ki riƙa ɗagawa kina leƙawa ko ya tsaya. Duk leƙen da kika yi, kin mayar da aikin farko."

Ta daɗe a tsaye a haka, har na ga gumi a goshinta. Tana danne tana jan Inna da hira, tana tambayarta yadda ake gane kifin da ya bandu da wanda aka yi wa gaggawa. Inna tun tana amsawa da kalma ɗaya har ta saki jiki ta shiga bayani, fuskarta dai na bango. Da nas ta ɗaga hannu, wurin ya bushe. Ta manna filasta, ta ce yanzu sauran babban aikin, kwanciya. Kada ta lanƙwasa ƙafa, kada ta ɗaga kai, in tari ya zo ta dafe wurin kafin ta yi.

Wannan kwanciya ita ce ta fi ba Inna wuya a duk tafiyar. Ba a daɗe ba ta fara cewa bayanta zai karye. Ta ce a ɗan tasar da ita, aka hana. Ta ce to ta juya gefe, aka hana. Can ta tuna ba ta yi azahar ba, ga la'asar na matsowa, sai hankalinta ya tashi. Aka bar Baba ya shigo. Ya ce mata ta yi a kwance, da nuni, Allah ya san halin da take ciki. Na kawo mata dutsen taimama da ke ɗakin, ta shafa, ta yi sallarta tana kallon rufin ɗaki.

Tana idarwa sai na ga gwiwarta ta dama ta fara tasowa a ƙarƙashin zane, ita ba ta ma sani ba. Kafin in yi magana Baba ya jawo kujera ƙarshen gado ya zauna, ya ɗora hannunsa a kan idon sawunta ta saman lulluɓin. Tun da nake ban taɓa ganin hannun Baba a jikin Inna ba. Bai kalle ta ba, taga yake kallo.

"Malam, mutane," in ji Inna ƙasa-ƙasa.

"Aikin likita nake yi," ya ce.

Ya ci gaba da ba ta labarin kacalla da gayyar da ba a yi ba, wanda ya riga ya ba ni da safe. Ita kuma ta ce ai laifinsu ne su manoman, kowa na jiran wani ya fara. Suka yi ta musu a hankali. Duk sanda ƙafar ta motsa sai ya ƙara danna hannun kaɗan ba tare da ya katse zancensa ba. Ni na koma bakin ƙofa na tsaya ina duba wayata, ba don akwai abin dubawa ba. Bai tashi ba sai da nas ta zo da yamma ta ce an yarda a ɗaga mata kan gado.

Washegari da safe aka cire ɗinkin. Na zaci wani babban aiki ne. Nas ta goge wurin, ta sa almakashi ta datse gefen ƙullin, ta ja, zaren ya fito gaba ɗaya. Fatar da ta yi tudu ta koma ta kwanta. Ta ɗan dafe, ta duba, ta manna filasta. Inna ta ce a nuna mata zaren. Aka ɗago mata shi a bakin almakashi. Ta dube shi da kyau ta ce, "Wannan ne ya riƙe ni jiya?" Nas ta ce shi ne. Inna ta ce, "Allah ya yi wa hannunku albarka."

Ranar ta taka daga gadonta har ƙarshen baranda ta dawo, ba ta nemi wurin zama ba. Da ta dawo ta tsaya tana sauraron kanta, kamar mai jiran hakin ya iso. Bai zo ba.

Aka sallame mu da magani da dokoki. Kada ta ɗauki abu mai nauyi, kada ta yi daka, kada ta tsuguna sosai, kada a murza wurin, har sai an sake ganin ta. Saboda bugun zuciyarta ba ya tafiya daidai, aka ɗora ta a kan maganin tsinka jini, aka ce shi ya sa dole a ƙara kula. Nas ta ba ni lambar wayarta. Na nemi izini a makaranta da wurin maigidana, na tare a gidanmu.

Maganar tsugunno ita ta fi damun Inna, don banɗakin gidanmu na rami ne, kuma ba abin da za ta iya faɗa wa kowa ba ne. Ba ta faɗa ba. Muna isa da yamma, washegari da hantsi sai ga Baba ya shigo da wata kujerar katako mai rami a tsakiya, sabuwa fil daga wurin kafinta, ya wuce da ita bayan gida ya ajiye, ya fito ya tafi gona. Ba wanda ya yi maganarta, har yau.

A ranar ne kuma Gwaggo ta iso, yayar Baba, daga wajen Birniwa. Ita ce mai wankan jego ta danginmu, duk wadda ta haihu a gidanmu ta bi ta hannunta, kuma ta yi imani ba ciwon da ruwan zafi ba ya yi wa magani. Ta shiga ɗaki ta ce a nuna mata wurin. Lokacin jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, cinyar ta yi baƙi-baƙi har kusan gwiwa. An gaya mana zai yi haka kuma zai washe da kansa. Gwaggo na gani ta fito ta ce a ɗora ruwa, ta ciro man zafi daga jakarta.

Na ce, "Gwaggo, sun ce kar a gasa, kar a murza."

"Mataccen jini ne. In ba a gasa ba ina zai tafi?"

"Jijiyar ce ba ta gama haɗewa ba."

Ta dube ni irin kallon da ke tuna wa mutum cewa ita ta yi masa wankan farko. Ban iya ja da ita ba, sai na kira nas na miƙa mata wayar. Ban ji abin da aka gaya mata ba, na dai ji Gwaggo na cewa, "To... to... ashe... to, 'yata." Da ta miƙo mini wayar ta ce, "Yarinyar nan tana da hankali. Ta ce bayan ne ke son gashi, saboda kwanciyar da ta yi." Ruwan da aka ɗora bai tafi a banza ba. Ta gasa wa Inna baya da kafaɗu, Inna na ta sa mata albarka, aka rabu lafiya.

Ba mu yi kwanaki da yawa da dawowa ba abin ya faru. Wani masunci da ya saba kawo wa Inna kifi ya ji labarin ta dawo, ya zo dubiya da la'asar, ya taho mata da tarwaɗa cike da daro, ya ajiye a zaure ya tafi. Ina bayan ɗaki ina wanki, Gwaggo na salla. Inna ta ga kifi a ajiye, rana na dukan gefensa, ƙuda sun fara taruwa. Daga baya ta ce ita ba ta yi niyyar ɗauka ba, jawo shi inuwa kawai za ta yi. Ta sunkuya ta ɗaga shi, ta kawo shi har tsakar gida.

Sai na ji ta ce, "Ke. Zo."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma ban taɓa jin ta kira ni da irinta ba. Na fito da kumfa a hannu. Tana tsaye ta dafa bango, ɗayan hannun a kan cinyarta, jini ya jiƙa zanen yana bin ƙafarta a hankali, baƙi-baƙi.

Ban san sanda na ɗauraye hannu ba. Na jawo tabarma na ce ta kwanta. Ta ce bari ta shiga ɗaki. Na ce a nan. Shi ne karo na farko da na ba Inna umarni, kuma ta bi. Gwaggo ta sallame ta fito, ta miƙo mini audugar da muka zo da ita daga asibiti, ta kori yaran maƙwabta, ta sa sakata, sannan ta ware mayafinta ta tsaya ta yi mana labule duk da ba kowa a gidan. Na kwance zanen Inna, na sa auduga, na ɗora yatsuna, na miƙe gwiwar hannu na jingina kamar yadda na ga an yi.

Jikinta da ɗumi. Ina jin numfashinta yana ɗaga hannuna yana saukewa. Ta rufe fuska da gefen ɗankwali. Ni kuma ba abin da nake so kamar in ɗaga audugar in gani. Gwaggo ma ta ce, "Duba mana ko ya tsaya." Na ce an hana.

Da hannu ɗaya Gwaggo ta kira Baba a gona, ta kuma kira nas ta kara mini wayar a kunne. Nas ta tambaye ni ko jinin tsartuwa yake yi ko tsiyaya. Na ce tsiyaya. Ta tambaya ko wurin na kumbura, ko Inna na jin jiri. Na ce a'a. Ta ce in ci gaba da dannawa, kada in saki sai ta sake kira, in ya tsaya a kai ta asibitin garinmu a duba, a kwance.

Muka zauna a haka. Hannuna ya fara rawa, kafaɗata ta ɗau zafi. Inna ta ji rawar.

"Kin gaji," ta ce daga ƙarƙashin ɗankwalin.

"Ban gaji ba."

Sannan ta ce, ba da ni take ba, da Gwaggo, "Yaya, kin tuna shekarar da aka haifi wannan?"

Gwaggo ta ce yaya za ta manta, shekarar da ruwa ya cinye hanya. Sai suka shiga ba juna labarin a kaina, kamar ba na wurin. Ashe lokacin Inna ta je goyon ciki ƙauyensu a bakin fadama, ambaliya ta zo ta raba su da gari. Naƙuda ta yi tsawo, aka sa ta a kwalekwale za a fito da ita, ba a kai tudu ba na faɗo. Gwaggo ce ta karɓe ni a cikin jirgin, mai tuƙi ya juya baya yana kallon ruwa. Inna ta zubar da jini sosai, Gwaggo ta dafe mata mara da hannu biyu har suka isa gaɓa. Na san a jirgi aka haife ni, ana tsokanata da haka tun ina yarinya, amma ban taɓa jin sauran ba, ban kuma taɓa jin ko kalma ɗaya daga bakin Inna ba.

"Ba ta yi kuka da wuri ba," in ji Inna. "Na ɗauka ba rai. Sai da kika juya ta."

"Da ta fara kuwa ba ta daina ba har muka sauka," in ji Gwaggo.

Inna ta yi dariya, na ce ta bari, dariya na motsa wurin. Ta ce to. Hannunta ya lallaɓo ya sami gwiwar hannuna, wanda ke rawa, ta tallafe shi. Haka muka ƙarasa, ina danne da ita tana riƙe da ni, har nas ta kira ta ce in ɗaga a hankali. Na ɗaga. Audugar ta rine, amma sabon jini bai biyo ba.

Baba ya iso da laka har gwiwa, tare da motar wani maƙwabci. Aka shimfiɗa Inna a kujerar baya aka kai ta asibiti. Likitan da ya duba ta ya ce bakin ramin ne na sama ya buɗe, ba abin da ya taru a ciki, ya sa sabuwar filasta, ya auna jininta, ya yi magana da na Kano ta waya suka ɗan rage mata maganin. A hanyar dawowa Baba bai yi faɗa ba. Ya dai tambaye ta, "Kifin ya shiga inuwar?" Inna ta ce, "Malam, ka bari." Gwaggo ce ta bande shi a ranar, Inna na kwance a ƙofar ɗaki tana gaya mata wutar ta yi yawa.

Baƙin cinyar ya koma ruwan ƙasa, ya koma rawaya, ya ɓace. Da muka koma Kano aka ce komai lafiya, sai dai ta rage zama cikin hayaƙi. Yanzu wasu mata biyu na unguwarmu ke yi mata bandar, ita tana nesa a kan kujera tana ba da umarni, ita ke kaiwa kasuwa da ƙafarta. Har gobe ba ta kiran sunana. Amma in na je gida takan ce in shigo ɗaki, in zauna a bakin gado, wani lokaci ta miƙo mini ƙafa in duba mata ko ta kumbura, ko da ta san ba ta kumbura ba.

Bara wata mata ta zo daga Kaugama da 'yarta matashiya, mai irin ciwon, an ba su ranar aiki a Kano, an ce musu akwai wadda aka yi wa a Haɗejiya. Na tarar da su a tsakar gida. Yarinyar duk a tsorace take, an gaya mata ta cinya za a shiga. Inna ta sa uwar ta ɗan ba su wuri, ta yi wa yarinyar magana ƙasa-ƙasa, na ga tana nuna mata tsawon zaren da yatsu biyu. Da za su tafi ta ƙunsa musu kifi, ta raka su zaure tana cewa, "Aikin ba komai, kafin ki ankara sun gama. Kwanciyar ce. Ki zagaya bayan gida kafin su shiga da ke, kuma ki tafi da wanda ya iya hira."